Gyaran titin jiragen sama: Abin da ya faru a Abuja da Inugu, da abin da ke jiran filayenmu

Idan dai masu karatu ba su manta ba, a ranar 8 ga watan Maris na shekarar 2017 ne gwamnatin maƙwabciyarmu Tarayyar Nijeriya ta rufe filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja har na tsawon mako shida, inda aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Babban birnin ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan jama'a a nahiyar Afirka ya wayi gari jirgin fasinja ba ya sauka, ba ya tashi, alhali kuwa ba yaƙi ake yi ba, ba kuma juyin mulki aka yi ba. Abin da ya faru shi ne, titi ɗaya tak da filin yake da shi, mai tsawon kimanin kilomita 3.6, ya farfashe har ya kai matsayin da faci ya daina kama shi. An gina titin ne a 1982 da lissafin zai yi shekara 20, sai aka bar shi ya yi shekara 35 yana ɗaukar jirage ba tare da an yi masa wani babban gyara ba.

Mai karatu da ke zaune a rumfarsa a Ɗan Isa ko Ƙonni ko Matamaye zai iya cewa ina ruwan biri da gada, shi da ko ƙofar jirgi bai taɓa takawa ba. To amma idan ya juya ya dubi kayan da ke bayansa, wayoyin hannu ne ko turare ko sarƙoƙi ko leshi mai tsada, zai tarar da cewa wani kaso daga cikinsu ta sama ya shigo, ko dai ta Kano ko ta Yamai ko ta Legas, a hannun wani ɗan'uwanmu da ya je saro a Dubai ko Chana. Haka kuma duk shekara iyayenmu da 'yan'uwanmu suna tashi zuwa aikin Hajji da Umara ta waɗannan filaye. Mu mazauna bakin iyaka mun ɗanɗana rufe iyaka daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, muka sake ɗanɗanawa daga 2023 zuwa watan Maris na 2024, don haka ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan abin da ke samun farashi da uwar kuɗi idan aka toshe hanyar da kaya ke bi. Rufe titin jirgi ƙanen rufe iyaka ne, bambancin kawai shi ne wannan ana hango shi tun da sauran shekaru, ana kuma iya kauce masa.

Kafin a kai ga rufe Abuja an daɗe ana jin koke. A watan Agustan 2016 wani jirgin kamfanin Afirka ta Kudu ya samu lahani a kan titin, kamfanonin ƙasashen waje kuma suka fara nuna cewa haƙurinsu ya kusa ƙarewa. A watan Janairun 2017 Majalisar Dattawa ta gayyaci ƙaramin ministan sufurin jiragen sama na wancan lokaci, Sanata Hadi Sirika, ɗan jihar Katsina, aka yi ta muhawara. Ƙungiyar injiniyoyin Nijeriya ta kawo shawarar a riƙa yin aikin kashi-kashi ba tare da an rufe filin baki ɗaya ba, shi kuwa ministan ya tsaya a kan cewa lalacewar ta wuce saman kwalta, ta shiga har cikin ginin titin, saboda haka babu makawa sai an rufe. Ya ma yi alƙawarin ajiye muƙaminsa idan aikin ya zarce mako shida. Kamfanin Julius Berger ne ya yi aikin a kan kuɗi kimanin naira biliyan 5.8, kuma gaskiya ɗaya ce, an cika alƙawari, domin an buɗe filin a ranar 18 ga Afrilu, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika.

Sai dai kuɗin kwangila shi ne ƙaramin abin da aka yi asara. Manyan kamfanoni irin su British Airways da Lufthansa da Air France sun ƙi zuwa Kaduna, suka dakatar da zirga-zirgarsu har sai da aka gama, in ban da kamfanin Habasha da ya amince ya riƙa sauka a can. Sai da gwamnati ta yi gaggawar gyara filin Kaduna, ta yi wa hanyar Kaduna zuwa Abuja kwaskwarima, ta jibge jami'an tsaro a kanta saboda masu garkuwa da mutane, ta kuma tanadi motocin jigilar fasinja. Masu otal da direbobin tasi da masu dakon kaya da 'yan canji na Abuja suka zauna zaman jiran tsammani. Wannan asara ba ta cikin takardar kwangila, amma kowa ya san aljihun da ta fito.

Abuja ma ta taki sa'a idan aka kwatanta ta da Inugu. An rufe filin Akanu Ibiam a ranar 24 ga Agustan 2019 saboda lalacewar titi, Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da naira biliyan 10 domin aikin, aka yi ta sa rana ana ɗagawa, annobar korona ta zo ta ƙara dagula lissafi, ba a buɗe ba sai ranar 30 ga Agustan 2020. Shekara guda cur, a yankin da 'yan kasuwar Onica da Aba suka dogara da shi. Tun kafin nan an rufe filin Fatakwal daga watan Agustan 2006 har zuwa Disambar 2007. Filaye uku ke nan manya a cikin shekara 13, kuma a ko'ina labarin guda ne, wato an jira har sai da zaɓi ya ƙare.

A nan ne muke ganin ya dace mu ɗan tsaya mu fahimci yadda titin jirgi yake, domin sai an san cuta ake sanin magani. Abin da ido ke gani baƙi wuluk shi ne fata kawai. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar fasasshen dutse, a ƙarƙashin wannan akwai burji da aka daddanne, sannan ƙasar wurin ita kanta. Kowace shimfiɗa tana rage wa ta ƙasa da ita nauyi. Babban jirgi irin Boeing 747 da aka daɗe ana kwasar alhazai da shi yakan kai kusan tan 400 idan ya cika, wato lodin tirela goma sha uku ta siminti har da ɗoriya, iskar da ke cikin tayarsa kuma ta ninka ta ƙaramar mota kamar sau shida. Da yawa daga cikinmu muna zaton wurin da jirgi ke dira shi ne ya fi shan wahala, to ashe ba haka ba ne. Lokacin sauka jirgi ya ƙone mafi yawan mansa, kuma fukafukai suna nan suna ɗauke da wani ɓangare na nauyin. Inda nauyi ya fi cin titi shi ne bakinsa inda jirgi ke tsayawa cike da mai yana shirin tashi, da ƙananan hanyoyin da yake bi a hankali, da dandalin da ake yi masa lodi.

Abokan gabar titi uku ne: nauyi da rana da ruwa. Rana tana ƙona man da ke cikin kwalta sannu a hankali har ta bushe ta yi tauri, launinta ya koma toka-toka. Da rana ta buɗe saboda zafi, da dare ta tsuke saboda sanyi, tunda kuma ta rasa danƙonta sai ta fara tsagewa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan ruwa ne ƙadangaren. Da zarar ya bi ta tsaga ya jiƙa burjin da ke ƙasa, ƙarfin titi ya tafi, duk jirgin da ya bi sai wurin ya lotsa, tsaga ta haifi 'ya'ya har wurin ya koma kamar bayan kada, daga nan sai rami. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin soro ya san wannan karatu. Wanda ya hau rufi kafin damina ya toshe tsaga, ya yi yaɓe, ya gyara indararo, da ɗan kuɗi kaɗan ya tsira. Wanda ya bari har azara ta jiƙe, shi da magini ne.

Inda titin jirgi ya bambanta da hanyar mota shi ne batun tsakuwa. Direban da ya tarar da rami tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa zai rage gudu ya kauce, matuƙin jirgin da ke gudun fiye da kilomita 250 a awa ɗaya ba shi da wannan dama. Injin jirgi kuma zuƙar iska yake yi da ƙarfin gaske, duk ɗan dutsen da ya ɓantare daga kwalta yana iya afkawa ciki ya lalata injin da kuɗinsa ya kai miliyoyin daloli. A ranar 25 ga Yulin 2000, wani ɗan siririn ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi a kan titin filin Charles de Gaulle na birnin Paris ya fasa tayar jirgin Concorde yana cikin gudun tashi, tankin mai ya fashe, mutum 113 suka rasa rayukansu. Dokokin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, kuwa sun tanadi a riƙa zagaya titin manyan filaye ana dubawa aƙalla sau biyu a kowace rana.

Magungunan da injiniyoyi ke da su hawa-hawa ne. Mafi araha shi ne toshe tsaga: a hure ƙura da iska mai ƙarfi, wani lokaci a ɗan faɗaɗa bakin tsagar da inji, sannan a zuba narkakkiyar kwalta mai haɗe da roba wadda za ta riƙa buɗewa tana tsukewa tare da titin. Aiki ne na mutane ƙalilan da tukunyar dafa kwalta, ana iya yin sa tsakanin tashin wannan jirgi da saukar wancan. Na sama da shi shi ne feshin ruwan kwalta, wato a tsinka kwalta a fesa ta siririya a kan titin gaba ɗaya domin ta mayar masa da maiƙon da rana ta shanye, ta kuma riƙe ƙananan tsakuwoyi kada su fara zubewa, kamar dai yadda ake shafa wa fatar da ta bushe man kaɗanya a lokacin hunturu. Akwai kuma wani haɗi na ruwan kwalta da yashi mai laushi da ɗan siminti da ake shimfiɗawa kamar kunu, kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba, wanda ke rufe ƙananan tsagogi ya ba titi sabuwar fuska. Dukkan waɗannan ba sa ƙara wa titi ƙarfin ɗaukar nauyi ko kaɗan. Aikinsu shi ne tsare ƙarfin da yake da shi.

Idan abin ya wuce nan, sai a kawo injin da zai ɗaye saman kwaltar, kamar santimita biyar zuwa goma, a shimfiɗa sabuwa. Idan kuwa ruwa ya riga ya ci ƙasa, to sai tono har gindi a sake gini, wanda shi ne mafi tsada kuma shi ke jawo rufe fili. A gefe guda akwai wasu ayyukan da ba su shafi ƙarfi ba, sun shafi santsi ne. Duk jirgin da ya dira yana barin robar taya a kan titi, wannan baƙin da ake hangowa a wurin sauka, idan ta taru aka yi ruwan sama sai wurin ya zama kamar an zuba kuɓewa. Ana wanke ta da ruwa mai tsananin ƙarfi ko da sinadari. Ana kuma yanka ƙananan kwararo a gicciye, faɗi da zurfin kowane kimanin milimita 6, domin ruwa ya samu hanyar gudu daga ƙarƙashin taya. Dandalin lodi kuwa an fi son a yi shi da daɓen siminti, saboda man jirgi idan ya zuba narkar da kwalta yake yi, shi kuma daɓen nasa gyaran daban ne: sabunta abin da ke toshe mahaɗar falankai, gyara gefen da ya ɓantare, da sauya falankin da ya karye.

Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya ake sanin maganin da ya dace? Tun a shekarun 1970 injiniyoyin sojan Amurka suka fito da wani ma'auni da ƙasashe da dama ke amfani da shi a yau. Ana raba titi gida-gida, a bi da ƙafa ana ƙidaya irin lahanin da ke kowane gida da yawansa da tsananinsa, sannan a ba titin maki daga 0 zuwa 100. Galibi titin da ya haura maki 70 yana cikin masu amsa ƙananan magunguna. Wanda ya faɗo ƙasa da haka ya fara neman a ɗaye a sake shimfiɗa, wanda kuma ya gangaro ƙasa da 40 yawanci sai sabon gini. Ban da duban ido, akwai injin da ke sakin nauyi a kan titi ya auna yadda ya lotsa, akwai huda titi a ciro samfurin abin da ke ciki a kai ɗakin gwaji, akwai kuma motar da ke auna santsi. Abin lura shi ne makin ba ya sauka daidai wa daida kowace shekara. Titi yakan daɗe yana riƙe da kansa, mai kallo ya ɗauka lafiya lau, sai kuma ya rufta cikin 'yan shekaru kaɗan. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta daɗe tana gaya wa masu filaye cewa kula da titi tun yana da kyau ya fi sauƙin kuɗi ninki huɗu zuwa biyar a kan jira ya lalace a farfaɗo da shi.

To sai dai kuma araha ba ita ce hujja ba, kuma a nan ne muke jin tsoron abin da kan faru a ƙasashenmu. Idan titi ya riga ya zama bayan kada saboda ƙasa ta jiƙe, aka zo aka fesa masa ruwan kwalta, zai yi baƙi ya yi sheƙi, a ja sabon farin fenti, a ɗauki hoto, amma ciwon yana nan a ciki, damina ɗaya ta isa ta tona asiri. Idan aka shimfiɗa sabuwar kwalta a kan tsofaffin tsagogi ba a gyara su ba, tsagogin za su biyo sabuwar su fito daidai inda suke. Idan aka cika feshi ba a watsa yashi ba, ba a kuma auna santsi kafin a buɗe ba, an gyara tsufa an jawo zamewa. Shi kuwa salon da muka saba gani a hanyoyinmu na mota, inda ake fesa kwalta a watsa tsakuwa a bi da abin daddannewa, bai dace da titin da manyan jirage masu zuƙar iska ke bi ba, saboda dalilin da muka ambata a baya. Haka nan akwai ɓarna ta ɗaya ɓangaren, wato a ba da kwangilar sake gina titin da toshe tsaga da feshi kawai yake buƙata, domin babbar kwangila ta fi ƙarama maiƙo. Duk gyaran da aka yi kuma ba a yashe magudanan ruwa na gefen titi ba, an yi aikin baban giwa.

Wani abin da jinkiri ke cinyewa shi ne damar yin aiki da dare. A birnin Frankfurt na ƙasar Jamus an sake gina wani titi mai tsawon kilomita 4 tsakanin 2003 da 2005 a cikin darare kusan 300, kowane dare a tone kimanin mita 15 a cike a shimfiɗa, da asuba jirage su ci gaba da bi. Masu adawa da rufe Abuja sun yi ta kawo misalai irin wannan. A namu ganin, a 2017 ministan ya fi su gaskiya, domin Frankfurt tana da wasu titunan da za a jingina da su, ga kayan aiki jibge a kusa, kuma ba ta jira titin ya kai halin da na Abuja ya kai ba. Amma da a ce an ɗaye saman titin Abuja an sake shimfiɗa shi tun wajajen 2000, lokacin da wa'adinsa ke cika, da shawarar injiniyoyin ce za ta yi aiki, kuma da babu wanda zai kwana a hanyar Kaduna.

Me ya sa ake jira? Kowa ya san amsa ko da ba a faɗa ba. Ba a gayyatar makaɗa ranar toshe tsaga, ba a yanka kyalle, ba a manna allo mai sunan shugaba. Sabon ginin matafiya mai gilasai shi ake gani a talabijin, shi ya sa za ka tarar da ginin yana walƙiya alhali titin da ke bayansa yana zubar da tsakuwa. Batun titi na biyu a Abuja ma ya isa misali. An ba da kwangilarsa a kan kusan naira biliyan 64, aka soke a 2010 bayan an yi ca a kan tsadarsa, aka sake ba wa kamfanin CCECC na ƙasar Sin a 2022 a kan kimanin naira biliyan 92, rikicin diyyar filaye da mutanen Jiwa ya taso, har shekarar 2024 ta ƙare ba a kammala ba. Shekarar 2027 kuma ita ce cikar shekara goma da gyaran da aka yi wa tsohon titin. 'Yan canji za su fi kowa gane abin da wannan ke nufi: naira biliyan 5.8 a 2017, lokacin da dala take kan naira 305 a farashin gwamnati, ta kama kusan dala miliyan 19. A farashin naira 1,500 da dala ta haura a 2024, wannan aikin dai zai haura naira biliyan 28, domin kwalta da injuna duk da dala ake sayo su.

Mu dawo gida, tunda an ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Yunin 2019 ne aka ƙaddamar da sabunta filin Diori Hamani na Yamai, gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a watan Yulin wannan shekara. Kamfanin Summa na ƙasar Turkiyya ne ya yi aikin a kan yuro miliyan 154, kimanin biliyan 101 na kuɗin sefa, bisa yarjejeniyar zai gudanar da filin na tsawon shekara 30. Kafin nan da bayan nan, bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jiha-jiha, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, sun zo da ayyuka masu yawa, kuma a galibin waɗannan birane filin jirgi yana cikin abubuwan da aka taɓa. Duk wanda ya ƙidaya da yatsunsa zai ga cewa kwaltar da aka shimfiɗa a wancan zamani ta shiga shekarun da muke magana a kansu, wato shekarun da ido ke ganin lafiya, ƙananan magunguna kuma suna kamawa, amma ba za su daɗe suna kamawa ba.

Akwai wani kuskure da muke yawan ji a bakin jama'a, har a shirye-shiryen da masu saurare ke bugo mana waya a gidan rediyo, cewa filin da jirage ba su cika sauka ba ai ba ya lalacewa, tunda ba a taka shi. Rana ba ta tambayar jirgi nawa ya sauka. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, saman kwalta yakan wuce digiri 60, sannan a zo a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda muka gani a daminar 2024 da ta yi ɓarna a Maraɗi da sauran jihohi. Filaye irin na Maraɗi da Tawa da Damagaram, da takwarorinsu na tsallaken iyaka irin na Dutse da Birnin Kabi da Katsina, waɗanda wasunsu sai lokacin jigilar alhazai suke ganin babban jirgi, ciwonsu na bushewa ne da tsagewa, kuma maganinsa yana cikin mafi araha. Su kuwa Yamai da Kano, masu karɓar manyan jirage a kai a kai, suna buƙatar awon ƙarfi da wanke roba da shirin ɗaye sama a kan lokaci. Ba daidai ba ne a rubuta wa duka takardar magani iri ɗaya. Akwai ma wani haɗari na musamman ga ƙananan filayen, wato a saukar musu da jirgin da ya fi ƙarfinsu saboda wani biki ko wani babban baƙo. Kowane titi yana da lambar da ke nuna nauyin da zai iya ɗauka, kowane jirgi ma yana da tasa, tun daga watan Nuwamban 2024 kuma ICAO ta sauya tsarin lissafin waɗannan lambobi, abin da ke nufin kowace ƙasa sai ta sake auna titunanta ta bayyana.

Lokacin aiki shi ma abin dubawa ne. A yankinmu toshe tsaga ya fi kyau daga ƙarshen kaka zuwa cikin sanyi, lokacin da ƙasa ta bushe kuma bakin tsaga ya buɗe, domin ruwan farko ya tarar da titi a rufe. Kuɗin da aka saki a watan Yuli, ana tsakiyar damina, ya makara da shekara guda. Daɗin daɗawa, kwalta daga waje ake kawo mana ita, kuma tun da hanyar Kwatano ta samu matsala a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowane ɗan kasuwa ya san abin da hakan ya ƙara a kan kuɗin dako. Sake gina titi yana cin kwalta tan dubbai, feshi da toshe tsaga kuwa abin da 'yan tankoki za su ɗauko ne.

A Amurka, tun daga 1995 doka ta hana gwamnatin tarayya ba wa fili kuɗin sake gina titi sai ya nuna yana da rubutaccen tsarin kula da shi, da ranakun dubawa, da bayanin abin da aka gyara. Ba mu ga abin da zai hana hukumar ANAC a nan Nijar, ko FAAN da NCAA a Nijeriya, su ɗaure masu riƙe da filaye da irin wannan sharaɗi ba. Duk wanda ya sayi tikiti ya biya harajin fili a ciki, duk wanda ya sauke kaya ya biya nasa, saboda haka 'yan kasuwa suna da bakin tambaya. Muna ganin ya kamata majalisun 'yan kasuwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, da takwarorinsu na Kano da Katsina da Sakkwato, su sa wannan batu a cikin abin da suke kai wa hukuma, kamar yadda suke kai kukan shingayen hanya da kuɗin kwastan. Su nemi a faɗa musu shekarar da aka auna titin filinsu ta ƙarshe da makin da ya samu, nawa aka ware domin toshe tsaga da yashe magudanai a kasafin kuɗin bana, da kuma watan da za a saki kuɗin. Game da Yamai kuwa, a nemi sanin abin da yarjejeniyar shekara 30 ta ce a kan wanda zai ɗaye titin ya sake shimfiɗa shi a tsakiyar wa'adi, da makin da titin zai kasance a kai ranar da za a miƙa wa ƙasa kayanta.